Yadda ɗan Damagaram zai shirya tahiyar kallon namun dawa, daga Kure har Masai Mara

Assalamu alaikum jama'a. Duk wanda ya saba kallon zaki yana bin barewa a talabijin, ko garken giwaye suna tsallake kogi, wata rana sai ransa ya raya mishi ina ma in gani da idona. Kuma abin yana yiwuwa, ba sai bature ba, ba sai mai miliyoyi ba, sai dai yana son tsari, don mafi yawan masu dawowa suna cewa "mu dai ba mu ga komai ba sai ƙura da birai" za ka tarar sun tahi a watan da bai dace ba, ko kuma sun tsaya shan shayi da hira sun shiga daji ƙarfe goma sha ɗaya na rana lokacin da kowace dabba ta riga ta shige inuwa. To bari mu bi abin daki daki.

Mataki na farko, wace dabba kake son gani

Kada ka fara da cewa Kenya za ni ko Najeriya za ni. Fara da tambayar kanka wace dabba ce in na ganta zan ce kuɗina bai tahi a banza ba, ita za ta zaɓa maka wuri.

In raƙumin dawa ne, to ba ka buƙatar fasfo ma. Kure tana bisa babbar hanyar da muke bi kullum zuwa Yamai, in ka taso daga Damagaram ka wuce Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, to saura kilomita wajen 60 ka shiga Yamai nan Kure take, mutane da yawa sun sha wuce ta suna barci cikin kar bayan doguwar tahiyar nan ta kusan kilomita 900. Raƙuman dawan da ke wurin su ne na ƙarshe na irinsu a duk Afirka ta yamma, fatarsu ta fi ta na gabashin Afirka haske, kuma a 1996 guda 49 kaɗai suka rage, yanzu sun haura 600. Abin da ya sa wurin ya bambanta shi ne ba shinge, ba gandu ne da aka kori mutane daga ciki ba, dabbobin suna yawo ne cikin gonakin Zabarmawa, su ci ganyen gawo, wani lokaci su yi wa manomi ɓarnar wake da mangwaro. Da damina suna hawa tudun Kure, da rani kuma su gangara Dallol Boso wajen Harikanasu, shi ya sa dole ka ɗauki gid daga ƙungiyar masu rakiya da ke bakin hanya, su ne suka san inda garken ya kwana.

Akwai kuma Gadabeji, arewa da Dakoro cikin jihar Maraɗi, wadda ta fi kusa da mu. An keɓe ta tun 1955, kuma a 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure aka kai can a mota, aka ƙara 4 a 2022, saboda kada a ce duk irin yana wuri guda wata annoba ta zo ta share. Akwai barewa da jan biri da tsuntsaye, amma daga Dakoro yashi ne, sai katkat, motar nan mai jan ƙafa huɗu, kuma da yake raƙuman kaɗan ne cikin fili mai faɗi sai ma'aikatan gandun sun nuna maka inda suke.

In giwa da ɓauna kake so, a ganina wurin da ya fi dacewa da mutumin Damagaram a tahiyar farko shi ne Yankari a jihar Bauci. Dalili kuwa, Hausa za ka yi tun daga ƙofar gidanka har cikin dajin, abinci irin naka ne, masallaci ba ka nemansa. Ka bi ta Matamai ka fita Daura, ko ta Magarya, ka shiga Kano, wajen kilomita 240 ke nan, sannan Kano zuwa Bauci, daga Bauci kuma kilomita ɗari da ƴan kai ka kai dajin. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200, an kafa shi 1956 aka buɗe wa jama'a 1962. Akwai giwaye, ɓauna, gwanki, gwambaza, mazo, gadu, dorina da kada a kogin Gaji, gwaggon biri kuwa har ƙofar ɗakinka za su zo. Sai kuma ruwan Wikki, maɓuɓɓuga ce mai ɗumi da ke fitowa daga ƙarƙashin dutse, zafinta digiri 31 dare da rana rani da damina, garau kana ganin yashin ƙasa. Amma in faɗa maka gaskiya giwar Yankari ba kullum ake ganinta ba, dajin yana da duhu kuma sun san mafarauta, zaki kuwa kada ma ka sa rai.

Mai son ganin giwaye da yawa a wuri guda kuma yana da ɗan ƙarfi, Zakuma ce a Cadi kusa da Am Timan. Labarin wurin ma abin ji ne, giwaye sun kai wajen 4,000 a farkon shekarun 2000, ƴan farautar haure suka karkashe su har suka koma ƙasa da 500 a 2010, a shekarar aka damƙa wa ƙungiyar African Parks kula da gandun, kisan ya tsaya, suka koma haihuwa. Da rani za ka ga ɓauna ɗaruruwa, zakuna, raƙuman dawa irin na Kurdufan, da tsuntsun jan baki miliyoyi suna tashi lokaci guda su rufe sama. Da damina ruwa ke cinye wurin, a rufe yake. Kada ka ce za ka yanke ta Difa da Ngigmi don taswira ta nuna kusa ne, ka bi jirgi zuwa Njamena, daga can a ɗauke ka.

Sai babbar tahiya, Kenya da Tanzaniya, inda ake ɗauko mafi yawan abin da muke gani a talabijin. Sarangeti da Masai Mara daji ɗaya ne iyakar ƙasa ta raba, kuma abin da ke kai mutane shi ne ƙaurar wata dabba mai kama da saniyar dawa mai gemu, nyumbu suke ce mata, sun haura miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa suna bin ruwan sama suna zagayawa shekara shekara. Can ne kake da tabbacin ganin zaki, kusan. Can ne kuma kuɗi ke ƙonewa.

Na bar namu na gida a ƙarshe da gangan. Tarmit da Tin Tumma, wanda wani ɓangarensa cikin jiharmu yake, an kafa shi a 2012 da faɗin wajen murabba'in kilomita 97,000, yana cikin mafi girma a Afirka gaba ɗaya. Can ne adaks ta ƙarshe take, farar dabbar hamada mai murɗaɗɗen ƙaho wadda ba a jin sun kai 100 a daji duk duniya, can ne kuma mena take, wata irin barewa, ita wannan da ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ta ci sunanta, da ragon dutse da yanyawa da tuje. Sai mutum ya ce to ai wannan ne mafi sauƙi tunda namu ne. A'a, shi ne mafi wuya duk cikinsu. Kwalta tana ƙarewa ne a Gure, daga nan zuwa Taskar da gaba yashi ne zalla, ba a shiga da mota ɗaya, sai biyu aƙalla, da direban da ya san rage iskar taya da haƙa, da mai da ruwa na kwanaki, da Thuraya, wayar tauraron ɗan adam, don rezo babu, da izinin hukuma da rakiya, kuma bayan duk wannan kana iya yin mako ka ga sawun adaks kaɗai. Wannan tahiya ce ta wanda ya riga ya ƙoshi da kallon giwa. Wanda ke son ɗanɗano kaɗan ya nemi izini ya je Kelle arewa da Gure, inda ake kiwon jimina mai jan wuya don kada irinta ya ƙare, ko ya yi sammako zuwa tafkin Gidimuni da sanyi ya kalli tsuntsayen ruwa, nan ma za ka koyi zama shiru, wanda shi ne rabin aikin.

Mataki na biyu, tsaro, kuma nan ba wasa

Za ku ga ban sa gandun W cikin zaɓi ba, alhali shi ne babban gandunmu mai giwa da zaki, hekta 220,000 a ɓangaren Nijar, an kafa shi 1954, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1996, da can mutane suna bi ta Sayi da Tamu su kwana a Tapowa. Yanzu ƴan bindiga sun yi sansani a yankin, ta ɓangarenmu da na Benin da na Burkina duka, ba wurin yawon buɗe ido ba ne, kuma duk wanda ya ce maka ya san wata hanya ta baya ka rabu da shi. Haka zuwa kallon dorina a Ayoru, shi ma a bar shi. Kure ma a ranar 9 ga Agusta 2020 an kashe mutum 8 a can, Faransawa 6 ma'aikatan agaji da direbansu da gid ɗinsu ƴan Nijar, Allah ya jiƙan musulmi, daga nan aka tsaurara shiga.

Don haka ƙa'idar ita ce labarin tsaro na wata uku baya ba labari ba ne. Ka tambaya sau biyu, lokacin da kake shiri da kuma ana gobe ko jibi za ka tashi. Wa za ka tambaya? Ma'aikatan ruwa da gandun daji na jihar da wurin yake, jandarmomi, da direbobin tasha masu bin hanyar kullum, waɗannan na ƙarshen sukan riga rediyo sanin abin da ke faruwa. Yankari ma haka, ka kira wurin kai tsaye ka ji yadda hanyar Alkaleri take a satin. Ba a tahiyar dare. Ka bar wa wani a gida sunan wurin, lambar direba da ranar dawowa. Kada ka ɗauki hoton soja ko shingen bincike ko gada, kuma jirgin nan maras matuƙi na ɗaukar hoto ka bar shi gida, matsala kawai zai jawo maka a iyaka.

Mataki na uku, watan tahiya

A yankinmu, wato Nijar da Najeriya da Cadi, lissafin ɗaya ne. Da damina ruwa ko'ina, ciyawa ta fi mutum tsawo, dabba ba ta da dalilin zuwa inda kake, hanyoyi kuma sun lalace. Da rani ya yi nisa tafkuna sun ƙafe sai ƴan kaɗan, ciyawa ta kwanta, to kowa dole ya zo mashaya, kai kuma can za ka jira shi. Shi ya sa daga Fabrairu zuwa Afrilu ya fi ko wane lokaci ganin dabbobi, sai dai zafin Afrilu kun san shi, ba sai na faɗa wa ɗan Damagaram ba. Disamba da Janairu jiki ya fi jin daɗi amma hazon hunturu yana ɓata hoto, komai ya fito fari fat, kuma ƙarshen Disamba Yankari cike take da ƴan hutu da hayaniya. Ni dai in za a bi tawa, Fabrairu ko farkon Maris. Ka duba kalanda kuma kada ya faɗa cikin azumi, yini cikin buɗaɗɗiyar mota da ƙishirwa ba ƙaramin abu ba ne.

Raƙuman Kure su ana ganinsu duk shekara, wurin zamansu ne kawai ke canzawa.

Gabashin Afirka lissafinsu daban. Tsallake kogin Mara, inda kada ke jiran garke, tsakanin Yuli da Oktoba ne, lokacin ne kuma komai ya fi tsada, motoci su yi cincirindo a bakin kogi. Wajen Fabrairu garken yana kudancin Sarangeti yana haihuwa, zakuna da kuraye suna kewaye, wannan ma kallo ne. Afrilu da Mayu ruwa ne mai yawa, farashi ya sauka, hanya ta yi taɓo.

Mataki na huɗu, takardu da allura da kuɗi

Cikin Nijar katin ɗan ƙasa ya isa, sai takardar izinin shiga gandu da kake biya a wurin ma'aikata, ka karɓi rasit ka riƙe. Najeriya kuwa tun da muka fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta yamma, a Janairu 2025 kada ka dogara da yadda aka saba da, ka tahi da fasfo mai rai, a buga maka hatimin shiga, ka ajiye kwafinsa a waya da takarda. In da motarka za ka shiga ka tabbata takardunta da inshorar da ke aiki can sun cika, in ba haka ba kowane shinge sai ka yi bayani. Kenya da Tanzaniya fasfo ya zama da sauran wata 6 aƙalla, kuma dokar shigarsu tana yawan canzawa, Kenya ta soke biza ta koma izinin intanet a farkon 2024, daga baya ta sassauta wa ƴan Afirka, saboda haka ka duba shafin hukumar shige da ficensu kafin ka sayi tikiti, ba bayan ka saya ba. Jirgin Habasha yana tashi daga Yamai yana kuma tashi daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can ka canza zuwa Nairobi a Kenya ko Kilimanjaro a Tanzaniya, ka gwada farashin biyun, mu Kano ta fi mana kusa nesa ba kusa ba.

Allurar shawara dole ce, da karnenta mai ruwan ɗorawa, a yi ta kwana 10 kafin tahiya, kuma sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Wanda ya je Hajji ko Umra ya duba cikin takardunsa wataƙila tana nan. Ka je wurin likita ya rubuta maka maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, ka tahi da shi, don wanda ya tashi a busasshen wuri irin namu sauron bakin kogi yana kayar da shi da wuri. Mai hawan jini ko sukari ya ɗauki maganinsa da rara, cikin daji babu farmasi.

Kuɗi kuma kashi biyar ne, ka rubuta kowanne daban: mota ko jirgi zuwa can, kuɗin shiga gandu, motar zagaye da gid, kwana da abinci, sai na ko ta kwana. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne kuɗin shiga, don a wurare da yawa kowace rana ake biya, kowane mutum, wani wurin har mota da kyamara suna da nasu. Misali Masai Mara tun 2024 baƙon da ba mazaunin ƙasar ba yana biyan dalar Amurka 100 a rana daga Janairu zuwa Yuni, 200 daga Yuli zuwa Disamba, wato dala 200 ɗin nan sama da jikka 100 ke nan a rana ɗaya tun ba ka ci ba ka kwana ba. Kuma kada ka ɗauka don kai baƙar fata ne za a yi maka farashin ɗan ƙasa, fasfo suke dubawa. In kamfani ya ba ka farashi ka sa ya rubuta maka ko kuɗin shiga yana ciki, mutum nawa ne a motar, kwana nawa cikin gandun kwana nawa a hanya, don "kwana uku" sau da yawa yini ɗaya ne cikakke da rabi biyu. Kada ka tura kuɗi duka ga wanda ka gani a Facebook kawai, ka ba da kaɗan, sauran sai kun haɗu. Dalar da za ka riƙe ta zama sabbin takardu, tsofaffi suna ƙin karɓa. Cadi kuma sefarsu ta Afirka ta tsakiya ce, daraja ɗaya da tamu amma takarda daban, sai ka canza. Naira ka canza daidai buƙata.

Hanyar rage tsada mafi sauƙi ita ce ku haɗu, ku huɗu zuwa shida, mota ɗaya gid ɗaya ku raba. Fiye da haka wani ba zai samu taga ba, rigima ta fara.

Mataki na biyar, kaya

Ba yawa. Tufafi masu launin ƙasa ko toka ko kore mai duhu, dogon hannu. Farar shadda da babbar riga a bar su gida, farin yana korar dabba daga nesa, baƙi da shuɗi kuma suna jawo ƙudan tsando, cizonsa da zafi kuma yana ratsa riga. Rawani ko hula mai faɗi, takalmi rufaffe, rigar sanyi don asubar daji cikin buɗaɗɗiyar mota tana da sanyi ko da rana za ta yi zafi, Masai Mara da Ngorongoro ta Tanzaniya kuwa tudu ne, sanyin gaske ake yi. Mata hijabi mai kauri maras ɗaukar ido ya fi, ga ƙura ga rana. Bidon na ruwa, tocila, batirin cajin waya, gidan sauro, buta da darduma, dabino da ƙuli da kilishi in cikin ƙasa ne. Kenya da Tanzaniya sun hana leda, kada ka cika jaka da ita.

Abu ɗaya da nake cewa a saya ko a ara ko ta halin ƙaƙa shi ne madubin hangen nesa. Waya ba ta ɗaukar dabbar da ke nesa, za ka ja hoton ya fashe ka dawo da ɗigo baƙi kana rantsuwa giwa ce.

Mataki na shida, cikin dajin kansa

Ka kwana cikin gandun ko bakinsa, don fita ta farko ana idar da sallar asuba ce, gari na wayewa kuna kan hanya. Daga nan zuwa wajen ƙarfe tara ko goma shi ne lokacin, sai kuma bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. Tsakiyar rana ka ci abinci ka yi barci, su ma abin da suke yi ke nan. Ka yi wa kanka aƙalla fita uku ko huɗu, wato kwana biyu, wanda ya zo da rana ya zaga sau ɗaya ya juya bai ba dajin dama ba.

Tun kafin mota ta tashi ka gaya wa gid abin da ka fi so, ka kuma gaya mishi ba ka sauri. Su gid sun saba da baƙi masu cewa kai mu wurin zaki kai mu wurin zaki, sai su yi ta gudu da mota daga nan zuwa can. In kun samu mashaya mai sabon sawu da kashi ɗanye, ku kashe mota ku zauna minti talatin ko arba'in shiru, sau da yawa abin da kuke nema shi zai zo da ƙafarsa. Ka riƙa kallon abin da gid yake kallo, ungulu suna kewaya wuri guda, birai sun hau bishiya suna ihu, barewa duk sun tsaya sun fuskanci gefe ɗaya, reshe karyayye sabo da giwa ta bari, duk labari ne. Waya a sa ta shiru, kiɗa babu, kuma don Allah a bar tafi da fito da jifa don dabba ta juyo a ɗauke ta hoto.

Ba a sauka daga mota sai gid ya ce a sauka, ko fitsari ne ya matsa ka faɗa mishi ya nemi fili. Dabbobi sun saba ganin mota a matsayin abu ɗaya babba, da ka fito ko ka miƙe ka zuro jiki waje ka zama mutum. Salla ma haka, ku tsara tun da wuri, akwai wuraren da aka keɓe na sauka, kuma matafiyi yana da sauƙin kasaru da haɗawa, ba a shimfiɗa darduma bakin kogi don lokaci ya yi.

Giwa in ta baza kunnuwa tana kaɗa kai tana kururuwa tana watsa ƙasa, gargaɗi take yi, direba ya ja baya a hankali ya ba ta hanya, musamman mai ɗa, kada mota ta shiga tsakanin uwa da ɗanta ko ta raba garke biyu. Ɓauna tsohon namiji da ke shi kaɗai ya fi garke duka haɗari. Dorina kuwa mutane suna raina ta don ƙiba, alhali tana cikin dabbobin da suka fi kashe mutane a Afirka, da dare take fita kiwo, da asuba tana komawa ruwa, duk abin da ta tarar tsakaninta da ruwan ta bi ta kansa, kuma ta fi ka gudu. Kada ka yi alwala ko wanka a kogin da ba a ce maka babu kada ba. In tsautsayi ya haɗa ka da zaki a ƙasa ba a gudu, ka tsaya bayan gid ka yi abin da ya ce. A Kure ana sauka a taka a ƙasa a matsa kusa da raƙuman, suna da sanyin hali, amma ka tsaya inda gid ya tsaya, kada ka zagaya ta bayansu, harbin ƙafarsu yana kashe zaki.

Gwaggon birin Yankari ka ɗauke su kamar ɓarayin tasha, ka kulle ƙofa da taga ko minti ɗaya za ka fita, kada ka riƙe leda a hannu a fili, in sun ƙwace ka bar musu, kuma kada ka ba su abinci da hannunka don haka aka lalata su tun farko. Yara a riƙe su kusa.

Gid da direba in sun yi maka aiki ka ba su na goro bayan kuɗin da aka yanka, a Kure musamman, don mutanen ƙauyukan nan su ke haƙuri da ɓarnar gona, kuma abin da baƙi ke kawowa yana cikin dalilin da ya sa suke barin dabbobin su zauna.

Mataki na ƙarshe, abin da ba a dawowa da shi

Za a iya tare ka a hanya ko a kasuwa da ƙwan jimina, fatar damisa, ɗan barewa a ɗaure, kunkuru, ko abin wuya na hauren giwa. Kada ka saya ko da arha ne, kada kuma ka karɓa a matsayin tsaraba. A Nijar dokar farauta da kare namun dawa ta 1998 ta hana, a filin jirgin Nairobi kuwa ɗan guntun haure ya isa a kai mutum kotu a ɗaure shi, ba ruwansu da cewa ba ka sani ba. Naman daji ma haka. In kuma Allah ya sa ka ga dabba mai wuyar gani irin mena ko adaks, ka sa hoton in kana so amma ka cire wurin daga ciki, kada ka rubuta kusa da rijiya kaza muka gan ta, mafarauta ma suna da waya. Bayan ka dawo gida in zazzaɓi ya kama ka cikin sati biyu ko uku, ka je asibiti a yi gwajin jini ranar, ka kuma gaya wa likita inda ka je.